Abin da Shinkafa da Waken Jamaika Suka Koya Mini a Wurin Aiki

A gidan abincin 'yan Jamaika da nake aiki a unguwar Brixton ta birnin Landan, ba a ba sabon ma'aikaci tukunyar shinkafa da wake sai an gamsu da haƙurinsa, duk da cewa ba ita ce ke jan masu saye ba. Mutane suna zuwa ne domin naman akuya mai kori, ko jelar saniya, ko gasasshiyar kaza mai yaji, ita kuwa shinkafar rakiya take yi. A can Jamaika abincin ranar Lahadi ne, ana yin sa da jan wake, sai a lokacin Kirsimeti da yawanci ake komawa ga waken da suke kira gungo.

Abu na farko da na koya shi ne ruwan waken ba abin zubarwa ba ne. Ana jiƙa jan waken ya kwana, a tsiyaye, a zuba sabon ruwa, sannan a bar shi ya tafasa sosai na aƙalla minti 10 kafin a rage wuta, domin irin wannan wake yana ɗauke da wani sinadari mai ɓata ciki wanda tafasa ce kaɗai ke kashe shi. Ruwan da ya dahu a ciki shi ne ke ba shinkafar launinta na ja-ja, saboda haka a cikinsa ake zuba madarar kwakwa. Ba a sa kanwa kamar yadda muke yi wa garau-garau, kuma ni ina ganin sun yi daidai, don kanwa za ta canja launin, ta kuma danne zaƙin kwakwar.

Madarar ita ce ke buƙatar lura. Idan da ɗanyar kwakwa aka yi, akan goge ta, a zuba ruwan ɗumi, a matse, kuma tatsar farko ta fi kauri da maiƙo. Dole ne a lissafa ta cikin ruwan girkin gaba ɗaya, wato ita da ruwan wake su tashi kusan kofi biyu ga kofi ɗaya na shinkafa, in ba haka ba abin ya caɓe. Tana kuma saurin kama gindin tukunya, shi ya sa da an zuba shinkafa ya tafaso ake rufewa, a mai da wuta can ƙasa, a daina juyawa.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne na attaruhu. Ana jefa guda ɗaya sukutum, tare da tafarnuwa, da albasa mai lawashi, da reshen tayim, da 'yan ƙwayoyin fimento (wani kayan ƙamshi ne mai ƙamshi kamar na kanumfari), kuma a cire shi kafin ya fashe. Ƙamshinsa ake so, ba zafinsa ba. Ga wanda ya tashi yana jajjaga attaruhu a turmi, wannan ya yi kama da rowa, amma shugabar madafarmu, wadda muke kira Anti, ta nuna mini dalilin da hannunta: ta zuba mini romon akuya a kan shinkafar ta ce in ɗanɗana. Romon ya riga ya cika da yaji da gishiri, kuma da shinkafar ita ma ta zo da nata zafin, da mai ci bai iya gama farantin ba. Tun daga nan ma gishirin shinkafar nake rage shi a ranar da na ji romon ya yi ƙarfi.