Ranar da kwamin ninƙaya a saman jirgin ruwa ya kunyata Basakkwace

A Gulbin Rima na koyi iyo, wajen Kwalkwalawa, tun ina ɗan makarantar allo. Mun sha bulala a kan gulbin nan, amma bulalar ba ta hana mu komawa ba. Shi ya sa da babban ɗana, wanda ke aiki a Jidda, ya ce in muka ƙare Umara zai kai ni da mahaifiyarsa da matarsa da ɗansa yawon mako guda a jirgin ruwa, kuma a saman jirgin akwai kwamin ninƙaya har fiye da ɗaya, sai na ji raina ya yi fari. Na ce masa ya shirya kallo, zai ga yadda mutanen zamanin baya suka yi iyo.

Tun 2021 manyan jiragen yawon buɗe ido ke tashi daga Jidda suna zagaya Bahar Maliya. Namu ya nufi arewa ne, ya biya ta Yanbu, ya shiga Aƙaba ta ƙasar Jodan, ya taɓa gaɓar Masar, sannan ya juyo. Watan Janairu ne. Na baro Sakkwato hunturu na kaɗawa, hazo ya rufe gari, kowa na fama da kaushi da faso. Da na sauka Jidda na ji iska da ɗumi-ɗumi, sai na ɗauka na rabu da sanyi ke nan sai na dawo gida.

Washegarin tashinmu, bayan sallar asuba da karin kumallo, wajen ƙarfe takwas, na ɗauki tawul na hau can bene na sama. Rana ta fito tas, sama ba ko ɗigon gajimare. Ruwan kwamin shuɗi garau, kana hango ƙasansa. Babu kowa a ciki sai wani tsohon Bature da ke kai da komowa kamar kifi. A gefe akwai ɗan allo da aka rubuta zafin ruwan, digiri 24. Na duba na yi murmushi. Mutumin da ya saba da digiri 42 a watan Afrilu, wanda ya san yadda kwalta ke laushi a titin Ahmadu Bello da tsakar rana, me zai tsaya yi da lissafin 24? A ɗakin otal ma ai a 24 nake saita na'urar sanyaya ɗaki in yi barci ba bargo.

Ban taɓa ruwan da ƙafa ba. Tsalle na yi na faɗa.

Numfashina ne ya fara ɗaukewa. Ƙirjina ya ƙulle kamar an ɗaure shi da igiya, na buɗe baki ba shiri, na kurɓi ruwa, sai na ji gishiri har cikin hanci. Ashe ruwan teku ne. Na yi ta tari ina laluben bakin kwamin. Jikana, ɗan shekara bakwai, yana tsaye yana ƙyalƙyala dariya yana cewa, "Alhaji, mi ya faru? Ba kai ka ce ka iya ba?" Na daure na yi iyo sau biyu daga wannan gefe zuwa wancan don kada girma ya faɗi gaba ɗaya. Abin mamaki, bayan minti uku ko huɗu jikina ya fara sabawa, har na soma jin daɗi. Sai da na fito ne na gane ban ga komai ba tukuna. Iska ta buge ni, haƙorana suka shiga haɗuwa, gwiwoyina na rawa. Tawul ɗin da na ajiye a kan kujera kuwa iska ta yi gaba da shi, wani ma'aikaci ne ya kamo mini.

Daga baya na zauna da ɗana muka warware abin, shi da karatunsa na injiniya, ni da abin da jikina ya gaya mini. Digiri 24 na iska daban, digiri 24 na ruwa daban. Jikin ɗan Adam yana kan digiri 37, kuma ruwa na zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 na yadda iska ke yi. Shi ya sa ɗakin da ke 24 yake da daɗi, ruwan da ke 24 kuwa sai ka ja numfashi. Ko kwamin da ake gasar iyo ta duniya a cikinsa, tsakanin 25 da 28 ake riƙe shi, kuma waɗannan mutane ne masu iyo da ƙarfi, jikinsu na fitar da zafi. Dattijo irina da zai shiga ya tsaya yana kallon teku, abin da ya dace da shi ya fi kusa da 28 zuwa 30.

Amma maganar iskar ce ta fi tsaya mini a rai, domin abu ne da ya kamata in sani tun daga gida. Me ke sa ruwan randa sanyi? Randa na tsatsafo da ruwa ta jikinta, iska na busar da shi, kuma duk ruwan da ya bushe yana tafiya da zafi. Shi ya sa ake ajiye ta inda iska ke ratsawa, wasu har su naɗa mata jiƙaƙƙen buhu. To mutumin da ya fito daga kwami a jiƙe, da wando mai ɗigar ruwa, randa ne sosai. Kuma saman jirgi ba ya rabo da iska, ko da teku na kwance lumui, domin jirgin kansa yana tafiyar kilomita 35 zuwa 40 a awa in ya saki jiki. Ka ɗauka ka yi wanka da safe a watan Janairu, ka hau kabu-kabu ba riga daga Mabera zuwa Runjin Sambo. Wannan ke nan. Ga kuma ƙari: a arewacin Bahar Maliya iska daga arewa take busowa kusan duk shekara. Mu kuwa arewa muka dosa, wato gaba da gaba muke da ita, gudun jirgi da gudun iska sun haɗu a kan fatar mutum ɗaya.

Na tabbatar da wannan a hanyar dawowa. Da jirgi ya juyo kudu, iska ta koma bayanmu, tana bin mu muna gudu tare. Saman jirgin ya yi tsit, har tutar da ke can baya ta kwanta. Allon nan bai canja wani abin kirki ba, ɗaya ko biyu ya ƙaru, amma ranar na fi awa ina shiga ina fita ba tare da na nemi tawul da gaggawa ba. Kwami ɗaya, mutum ɗaya, wando ɗaya. Tun daga nan na daina fara duba allo, tuta nake fara dubawa.

Baƙo makaho ne ko da idonsa, don haka a rana ta uku na ajiye girman kai na tambayi ma'aikacin da ke kula da kwamin, ɗana na yi mana tafinta. Shi ya bayyana mini dalilin da ya sa safiya ta fi muni. A jirginmu, wannan kwami na waje daga teku ake ɗebo ruwansa, a tace, a sa masa kulorin. Sau da yawa da dare sai a zubar, a rufe ramin da raga, a sake cikawa kafin gari ya waye. Wato wanda ya zo ƙarfe takwas sabon ruwa yake tararwa, wanda rana ba ta taɓa ba. Kuma tekun kansa yana ƙara sanyi in ana hawa arewa: ruwan Jidda da ɗuminsa ko a hunturu, na wajen Aƙaba kuwa yakan sauko kusa da 21 a wannan lokaci. Ya ce jirage sun bambanta, wasu ruwan daɗi suke sawa, wasu kuma suna ɗumama shi da zafin da injin jirgi ke fitarwa, amma kwamin da ke fili, iska na kaɗa shi dare da rana, riƙe masa zafi aiki ne. Lokacin da ya fi daɗi, in ji shi, daga bayan azahar zuwa la'asar. Haka kuwa na gani. Matsalar kawai, lokacin ne kowa ke zuwa, har ka rasa inda za ka miƙe hannu.

Ƙanƙantar kwamin ma ta ba ni mamaki da farko. Jirgi kamar unguwa guda, mutane dubbai, amma wurin iyon bai kai rabin wanda ke wasu otal-otal ba, zurfinsa kuma iyakar ƙirjina. Dalilin nauyi ne. Ruwan da ya cika ramin mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi, tan guda ne. Kwami mai mita 10 da mita 5 da zurfin mita ɗaya da rabi ya kai tan 75, nauyin buhun siminti 1,500 ke nan, kuma a can ƙololuwar jirgi aka ɗora shi. Duk wanda ya taɓa ganin motar albasa da aka yi wa lodi har sama tana shan kwana ya san abin da ake gudu. Gara ma albasa, tana zaune wuri ɗaya. Ruwa kuwa in jirgi ya karkata, duk sai ya kwarara gefe guda. Wata rana da yamma teku ya ɗan motsa, na ga ruwan kwamin na tashi yana dukan bango yana fantsama har kan kujeru. Ba a jima ba suka fitar da kowa suka zubar da shi.

Hajiya ba ta shiga na waje ba ko sau ɗaya, kuma ban ga laifinta ba. Akwai wani a ciki, ƙarƙashin rufin gilashi, ba iska, ruwansa ma ya fi ɗumi. Can ta riƙa zuwa da matar ɗana a lokacin da mutane suka ragu, da irin kayan iyon nan masu rufe jiki duka. Abin da ta koya, wanda ni ma ya shafe ni da dogon wandona mai wuce gwiwa, shi ne yawan tufafi a cikin ruwa ba ya kawo ɗumin kirki, a waje kuwa shi ne jiƙaƙƙen buhun da ake naɗa wa randa. In ka fito, kada ka zauna da shi kana hira. Tawul biyu muke ɗauka, ɗaya a danne shi da takalmi a bakin kwami inda hannu zai kai, ɗaya na naɗewa, sannan kai tsaye a je a canja. Yaro kuwa ba ya faɗin yana jin sanyi, sai ka duba leɓensa da yadda yake ƙanƙame jiki ka fitar da shi da kanka, yana kuka yana turjewa.

Kuskurena na biyu ya fi na farko haɗari, kuma shi ne wanda ban cika ba da labarinsa a majalisa ba. Kusa da kwamin akwai wasu ƙanana masu zagaye, ruwansu na zafi yana ɓulɓulowa, jakuzi suke ce musu. Bayan wahalar da na sha, sai na ga ai nan ne wurina. Na shiga na jingina, ruwa har wuya, na ce yau ga aljannar duniya. Ruwan irin wannan ba a barinsa ya wuce digiri 40, kuma a jikin allon da ke gefensu an rubuta kada a wuce minti 15, masu juna biyu da masu ciwon zuciya ko hawan jini su nemi shawarar likita. Ban karanta ba sai daga baya. Na fi rabin awa a ciki. Da na miƙe tsaye sai duniya ta juya, idona ya yi duhu, na dafe ƙarfen da ke gefe na zauna a ƙasa. Ina shan maganin hawan jini shekara da shekaru. Zafi na buɗe jijiyoyin jini, jini ya sauka, ga magani na nasa aikin, ga gumin da mutum ke yi a cikin ruwa bai sani ba. Ɗana ya kawo mini ruwan sha, fuskarsa ba annuri, ya ce, "Baba, don Allah ka bari. In wani abu ya same ka nan, mi zan ce ma mutanen gida?" Ban ce komai ba, domin gaskiyarsa ce. Bayan wannan, minti goma nake yi, kafaɗu a waje, in tashi a hankali, da gorar ruwa kusa da ni.

Gishirin ma ya bar mini tarihi. Bahar Maliya na cikin tekunan da suka fi gishiri, kusan giram 40 a kowace lita, shi ya sa jiki ke tasowa sama da sauƙi fiye da a gulbi. Amma in ka bushe ba ka ɗauraye da ruwan daɗi ba, sai ka yi fari fat kamar wanda ya kwana a Tsohuwar Kasuwa cikin hazo. Man kaɗen da Hajiya ta ƙunso, wanda na yi mata tsiya a kansa tun a filin jirgin Sultan Abubakar III, shi ya cece ni.

Mun dawo gida hunturu bai ƙare ba. Na zo da ɗan ma'aunin zafin ruwa da na saya a wani shago a Jidda, irin mai igiya da ake jefawa a kwami. Wata asuba, kafin in yi alwala, na tsoma shi a randar da ke bakin zaure, na haska da fitilar waya. Ya nuna 19. Na sake tsomawa, ya sake nuna 19. Wato ruwan da nake kamfata da moɗa kullum ba tare da na ce uffan ba ya fi wanda ya ƙulle mini ƙirji a gaban jikana sanyi da digiri biyar. Na kira Hajiya na nuna mata. Ta duba, ta gyara mayafinta, ta ce, "To Alhaji, randar ka taɓa faɗawa ciki?" Ta wuce ta ɗora ruwan wanka a wuta.