Laraba: ƙwayoyin da ke raba faɗa a cutar lufus

Kano, bayan Isha'i.

Bazara ta kankama, asibiti ma ya shaida. Masu lufus, cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jikin mai ita, da suka zo yau kusan duk mata ne, kumatu da karan hanci sun yi ƙuraje, gaɓoɓin yatsu a kumbure. Hasken rana yana kashe ƙwayoyin fata, DNA ɗinsu ya zube, garkuwar jiki ta ɗauke shi baƙo, ta saki sinadarin intafiron, ciwo ya tashi.

Da la'asar muka zauna da ɗalibai kan ƙwayoyin Treg, wani rukuni na ƙwayoyin T na garkuwar jiki. Ba su da yawa, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne na ƙwayoyin T masu alamar CD4, amma su ne masu raba faɗa. Suna shanye IL-2, sinadarin da ke ƙarfafa ƙwayoyin T, ta hanyar makamarsa da ke jikinsu mai suna CD25, don mayaƙan garkuwa su rasa, suna kuma fitar da IL-10 mai kwantar da kumburi. Shimon Sakaguchi ne ya bayyana su a 1995. Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gadon FOXP3, mai sarrafa Treg, a 2001, su ukun suka ci kyautar Nobel ta 2025.

Ga inda gizo ke saƙa: Treg ba sa iya samar wa kansu IL-2, a lufus kuwa sauran ƙwayoyin T kaɗan suke fitarwa. Sai masu rabon faɗan su galabaita. Shi ya sa a Beijin aka gwada allurar IL-2 ƙarama, raka'a miliyan 1 a ƙarƙashin fata, yau a yi gobe a huta, mako biyu, sannan hutun mako biyu. In aka zarce ƙima, mayaƙan ma farkawa suke yi. Har yanzu gwaji ne.

Maganin da ke hannunmu shi ne haidroksikulorokwin, kada ya wuce miligiram 5 kan kowane kilo a rana. Mai kilo 60, miligiram 300 ke nan. Da yawa suna ajiye shi, wai maganin zazzaɓin cizon sauro ne. A riƙa duba ido, domin maganin kan iya taɓa shi, a kuma gwada fitsari duk zuwa, domin a lufus ƙoda takan lalace ba tare da ciwo ba. Firednisolon da ake saya a kemis kuwa, garkuwar gaba ɗaya yake dannewa, ga ciwon suga da hawan jini, ga tarin fuka.