Darasin Farko a Filin Sumama

Duk wanda ya zo aiki Riyad daga gida, abin da yake fara koya shi ne kama kansa. Ka tafi aiki, ka dawo ɗaki, ranar albashi ka leƙa unguwar Batha ka tura wa iyali abin da ya sawwaƙa, ranar Juma'a ka yi wanki. Ba wanda ya kafa maka wannan doka. Kai ne dai kake gudun duk abin da zai sa a dube ka sau biyu, ko a tambaye ka iƙama, wato takardar izinin zama, ko a ji Larabcinka a yi murmushi. Ni ma haka na zauna tun da na fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a nan, har na wayi gari ban san komai a garin ba sai hanyar asibiti da masallacin unguwarmu.

Ni mutumin Zariya ne, kuma ɗan Zariya ba ya rasa labarin jirgi. Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama da aka kafa a 1964 tana nan kan hanyar Samaru, ƙananan jiragenta suna ta kewaya mana kai tun muna yara, mu bar wasa mu ɗaga musu hannu. Sha'awar ta zauna mini, amma kuɗin makarantar ba na ɗan malamin firamare ba ne. Sai a nan wani abokin aikina ya gaya mini cewa a Sumama, arewa da Riyad, inda mutanen gari ke fita shan iska a rairayi lokacin sanyi, akwai filin ƙananan jirage. Nan ne mazaunin ƙungiyar masu sha'awar tuƙin jirgi ta Saudiyya, wadda aka kafa a 2000 ƙarƙashin Yarima Sultan bin Salman, Balaraben da ya fara zuwa sararin samaniya a 1985. Ya ce mutum na iya biyan kuɗin darasin gwaji, ya zauna kusa da malami, a ba shi sitiyari ya taɓa. Na biya, aka ba ni safiyar wata Asabar.

Tun daga ranar cikina ya ɗuri ruwa.

Hajiya na fara kira, don irin wannan ba a yin sa ba da albarkar uwa ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai da ka tafi neman halali, me ya kai ka sama?" Na ce, "Hajiya, da malami ne a gefena." Ta ce, "Malamin fiffike gare shi?" Daga ƙarshe dai ta sa albarka, ta ce kada in manta da addu'ar hawa abin hawa. Uwargida kuwa tambaya ɗaya ta yi, nawa na biya, kuma amsar ba ta yi mata daɗi ba.

Da na zauna na bincika tsoron nawa, sai na ga ba abu ɗaya ba ne. Akwai tsoron injin ya mutu a sama, wanda kowa zai ji. Akwai tsoron amai. Amma wanda ya fi hana ni barci shi ne kada in yi abin kunya a gaban mutanen ƙasa, a ce ga Takari ya zo koyon jirgi ya rikice. Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida, to shi baƙo su biyun yake ɗauke da su duk inda ya sa ƙafa.

Wannan na ƙarshen wani dattijo ne ya rage mini shi. Bahaushen Makka ne, cikin waɗanda ake kira Hausawi, a can aka haife shi, aiki ya kawo shi Riyad, muna haɗuwa a masallaci. Hausarsa irin ta da ce, gauraye da Larabci. Da na gaya masa, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "Ya waladi, kakana da ƙafa ya tako daga ƙasar Kano. Ya ratsa Barno da Wadai da Darfur, yana tsayawa yana noma a hanya don ya samu guzuri, ya yi shekaru kafin ya ga teku a Sawakin ya haye zuwa Jidda. Kai awa ɗaya a kan kujera ce ta hana ka cin abinci?" Na ce, "Baba, ba hawan nake tsoro ba, idon mutane nake ji." Ya ce, "Wanda ya biya kuɗinsa ɗalibi ne, ba mabaraci ba. Ka je ka yi tambaya har sai malamin ya gaji."

Tsoron injin kuwa karatu ne ya yi maganinsa, don ni mutum ne da ba na natsuwa sai na san yadda abu ke aiki. Jirgin da za mu hau Cessna 172 ne, mai kujera huɗu da farfela ɗaya a hanci, wanda aka fara ƙerawa a 1956, kuma babu jirgin da aka ƙera da yawa kamarsa a duniya. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne, in injin irin wannan jirgi ya tsaya, ba ya faɗowa kai tsaye. Fuka-fukansa na ci gaba da riƙe iska, yana sauka a hankali, duk mita ɗaya da ya yi ƙasa ya yi wajen tara gaba, kuma ana koya wa kowane ɗalibi yadda zai zaɓi fili ya sauka a haka. Ga shi kowace silinda tana da fulogi biyu, daga maganeto biyu masu zaman kansu, wato na'urorin da ke ba fulogi wuta, ko batir ya mutu injin na ci gaba da juyawa. Uwa uba, sitiyari biyu ne, feda ma biyu-biyu. Duk shirmen da ɗalibi zai yi, hannun malami na kusa.

Maganar amai, abokin aikina likita ya ce kada in tafi da yunwa kuma kada in cika ciki. Don haka kabsar da aka yi ranar Juma'a da dare, wato shinkafa da nama irin ta Saudiyya, kaɗan na taɓa, da asuba na ci gurasa da shayi ba madara, na riƙe gorar ruwa.

Da sassafe ake tashi, kuma da dalili. Riyad tana kan tudu, wajen mita 600 sama da teku, ga zafin da kan haura digiri 40 da rani. Iska mai zafi ba ta da kauri, injin ba ya samun cikakken ƙarfinsa, fiffike ma ba ya samun abin riƙewa sosai, sai jirgi ya ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga. In rana ta ɗaga kuma, hucin da ke tasowa daga rairayi sai ya riƙa jijjiga ƙaramin jirgi, abin da sabon shiga ba ya buƙata.

Malamin matashi ne, ɗan ƙasa, ba mai yawan magana ba. Kafin ya ce komai na bi shawarar Baba, na ce masa, "Kaftin, gabana faɗuwa yake." Ko a jikinsa. Ya ce gara da na faɗa, don wanda ya ɓoye shi ne yake ƙanƙame sitiyari ya ƙi saki. Ya miƙo mini takardar dubawa, muka kewaya jirgin da ƙafa. A nan na daɗe, kuma a nan rabin fargabar ta tafi. Ya sa na tsiyayo mai daga ƙasan fiffike cikin wani ɗan kofi mai haske, na ɗaga shi sama. Man shuɗi-shuɗi ne, kuma da akwai ruwa a ciki da ya kwanta a ƙasa, don ya fi man nauyi. Na duba bakin mai, na shafa gefen farfela ko akwai tsaguwa, na motsa jelar na ga tana tafiya ba tare da maƙalewa ba. Aikina ke nan kullum a asibiti, a duba samfur, a duba na'ura, a sa hannu. Ashe tuƙin jirgi ma rabinsa wannan ne.

Cikin jirgin matsattse ne, kafaɗata na gogar tasa. Na karanta "Subhanallazi sakhkhara lana haza wa ma kunna lahu muƙrinin" a hankali, sai na ji shi ma yana karantawa ta cikin abin sauraron da ke kunnena. A ƙasa da ƙafa ake juya jirgi, ba da hannu ba, wannan ya ba ni wuya, hannuna na ta murɗa sitiyari a banza. Shi ya tayar da mu. Jirgin ya yi ta karkarwa kamar adaidaita sahu a kan titin da ruwa ya ci, da gudun ya kai wajen noti 55, wato kusan kilomita 100 a awa, ya ɗan jawo sitiyari, karkarwar ta ɗauke.

Da muka daidaita ya ce jirgi na hannuna, ni kuma dole in amsa da baki cewa na karɓa, ƙa'ida ce don kada a rasa wanda ke tuƙi. Ya ce in riƙe da yatsu uku kawai, in daina kallon agogunan gabana, in sa ido can inda ƙasa ta haɗu da sama. Wannan kallon nesa shi ne kuma maganin jiri, don ido da kunnen ciki sai su daina saɓa wa juna. Na karkata hagu kaɗan, jirgin ya bi. Ga jan rairayi shimfiɗe, ga garken raƙuma, ga titin mota miƙe ɗoɗar. Tafin hannuna jiƙe yake da gumi, amma ban yi amai ba.

Abin da har yanzu nake jin nauyinsa shi ne rediyo. Da Turanci ake magana, a taƙaice kuma da sauri, ga shi muna maƙwabtaka da babban filin jirgin Sarki Khalid, sararin ba na wasa ba ne. Malamin ya ce shi ma da ya fara sai da ya rubuta abin da zai faɗa a takarda ya ɗora a cinya.

Lasisin tuƙin ƙaramin jirgi na buƙatar aƙalla awa 40 zuwa 45 a sama gwargwadon dokar ƙasa, da gwajin lafiya, da jarrabawa a rubuce, a nan kuma GACA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Saudiyya, ce ke bayarwa. A albashina wannan ba aikin shekara ɗaya ba ne, ga ginin da na fara a Zariya ko rufi ba a yi ba. Mun yi ciniki da uwargida ta waya har muka tsaya a kan darasi ɗaya duk wata biyu, da sharaɗin kuɗin kwano ba zai taɓu ba.