Sulhun da ke jiran a faɗi gaskiya

A zauren kakana, a Ƙofar Marke, na fara ganin yadda ake sulhu. Maƙwabta biyu ne suka kawo ƙara kan iyakar gona a fadama, wanda ya ci iyakar kuwa sai miƙa hannu yake yi yana cewa, "Allah gafarta Malam, a bar maganar, abin da ya wuce ya wuce." Kakana bai bari sun gaisa ba sai da mutumin ya faɗa da bakinsa, a gaban shaidu, kunyoyi nawa ya haɗa da gonarsa.

Wannan zama nake tunawa duk lokacin da na karanta labarin Aborijin, 'yan asalin ƙasar Ostireliya, waɗanda suka shafe dubban shekaru a ƙasarsu kafin Turawan Ingila su sauka a 1788 su ɗauke ta tamkar dajin da ba shi da mai shi. A wancan zamanin ba a ƙulla wata yarjejeniya da su ba, alhali a maƙwabciyarsu Niyu Zilan an sa hannu kan ta Waitangi da mutanen Maori tun 1840. Sai a 1992, a shari'ar Mabo, babbar kotun Ostireliya ta rushe da'awar cewa ƙasar ba ta da mai ita. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne yaran da hukuma ta riƙa rabawa da iyayensu da ƙarfi ana kai su gidajen reno, har suka tashi ba su san harshensu ko danginsu ba. Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a kan haka a gaban majalisa ranar 13 ga Fabrairun 2008, kuma na yaba masa, amma neman gafara bai mayar wa kowa da taki ɗaya na ƙasa ba.

A 2017 wakilan 'yan asalin suka taru a Uluru, wani babban dutse a tsakiyar ƙasar, suka nemi a ba su murya a tsarin mulki, wato majalisarsu da za ta riƙa ba gwamnati shawara, a ƙulla yarjejeniya, a kuma zauna a faɗi gaskiyar tarihi. Kalmar da suka zaɓa wa wannan sulhu, Makarrata, daga harshen Yolngu take, ɗaya daga cikin harsunansu, tana nufin haɗuwa bayan rikici. Da aka kai batun muryar ƙuri'ar raba gardama a Oktoban 2023, kusan kashi 60 cikin ɗari suka ƙi. A ganina an nemi jama'a su yanke hukunci kan ƙarar da yawancinsu ba su saurara ba. Jihar Biktoriya ta bi wata hanya: ta kafa hukumar faɗin gaskiya mai suna Yoorrook a 2021, wadda ta saurari shaidu, ta kuma bayyana a 2025 cewa abin da aka yi wa 'yan asalin jihar kisan ƙare dangi ne.

Ba na kwatanta halinmu da nasu, domin mu mun riƙe ƙasarmu da harshenmu da addininmu. Duk da haka muna da namu abin da ba mu cika faɗa ba. An koya mana yaƙin Giginya na 1903 da shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, amma Satiru, garin da ke kudu da Sakkwato wanda aka ƙone ƙurmus a 1906 aka hana sake zama a cikinsa, ban taɓa jin sunansa a aji ba. A bakin kakana na ji shi, shi ma sai da ya sassauta murya.