Kwale-kwale mai fukafukai da na gani a Istanbul

A makon jiya na shiga gidan tarihin jiragen sama na sojojin Turkiyya da ke Yeşilköy, inda na daɗe a tsaye gaban wani tsohon jirgin Rasha mai suna M-5, irin wanda ke tashi daga kan ruwa ya kuma sauka a kai. Da farko na ɗauka kwale-kwale ne aka ɗora wa fukafukai hawa biyu, domin gangar jikinsa katako ce zalla, injinsa kuma yana sama a bayan matuƙi, farfelarsa na tura shi daga baya.

Injiniya Dmitry Grigorovich ne ya ƙera shi a masana'antar Shchetinin da ke San Fitasbag. Asalin aikin ma gyara ne, domin a 1913 aka kawo masa wani jirgin Faransa, ƙirar Donnet-Lévêque, da ya lalace, shi kuwa yana gyara yana aune-aune yana zana duk abin da ya gani, har ya fito da nasa, M-1. Sai da ya yi ta sauya siffar ƙirjin jirgin, saboda ruwa ya riƙa sakinsa da wuri lokacin tashi, kafin M-5 ya samu a 1915 da inji mai ƙarfin doki 100.

Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne mazaunin mutum biyun nan, kafaɗa da kafaɗa, babu rufi, sai iska da feshin ruwan teku.