Katin gayyata 500 da suka koya mini kwanciyar takarda

Ina da ɗan shagon buga takardu a Tudun Wada, Zariya. Wani hunturu aka kawo mini aikin katin gayyatar ɗaurin aure guda 500, kati mai kauri, giram 300, launi kore shar. Da na zo yanka manyan fallayen sai kwaɗayi ya ja ni, na juya su a kaikaice don in samu ƙarin kati a kowane falle. Bugu ya fito tsaf. Muna fara ninkewa sai bakin ninkin ya dinga tsagewa, fari yana leƙowa ta cikin koren kamar faso a diddige.

Na zargi tawada, na zargi mai sayar da kati. Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya daga kamfanin ɗab'i na Gaskiya, ya karɓi guda ya jujjuya.

"Ɗana, ka taɓa faskare?"

"Na taɓa, Baba."

"To ta ina itace yake tsagewa?"

Ya yagi takarda ta tsawo, ta tafi sumul. Ya yage ta ta faɗi, yagar ta karkace, bakinta duk gashi-gashi. Ashe a masana'anta, lokacin da kunun takarda yake gudu a kan inji, zarurrukan cikinsa suna kwanciya ne suna bin hanyar gudun. Ka ninke ta yadda suka kwanta, ta bi ka. Ka gitta, ka karya su, ga kuma bushewar hunturu ta ƙara musu gautsi.

Da damina wata rigimar ce daban. Zaren yana shan laima ya kumbura ta kauri fiye da ta tsawo, sai takarda ta buɗe ta gefe guda, launi na biyu ya ƙi hawa daidai kan na farko. Littafi kuwa, in zaren bai bi tsawon gadon bayansa ba, ba ya buɗuwa da daɗi, shafuka su yi ta tattarewa wajen gam. Takardar A4 da muke saya galibi zarenta tsawo yake bi, don haka ninke ta biyu a yi ɗan littafi gittawa ce, ko da yake marar kauri, mai giram 80, takan yi haƙuri.

Katin nan dai na sake saya da kuɗina, muka kwana muna bugu. Yanzu kafin wuƙa ta sauka sai na lanƙwasa falle ta ɓangare biyu, inda ya fi laushi in ja kibiya da fensir a jikin kunshin.