Hayaƙin murhu da ƙurar hunturu

Tunda hunturu ya shigo ƙauyenmu, nan kusa da Ringim, tari ya cika gida. Inna tana girki da kara a madafi marar taga, idanunta jawur, da dare ƙirjinta sai ƙugi. Abin yana damuna ƙwarai.

Ma'aikaciyar lafiya ta ce mata, "Inna, ki fito da murhun tsakar gida, kada ki goya jika kina hura wuta." Ta ce a riƙa shaƙar iska ta hanci, don gashinsa da majina ke tare ƙura, iskar ta ɗumama kafin ta kai huhu.

Yaro ɗan shekara 1 zuwa 5 kuwa, in yana kwance lumui numfashinsa ya kai 40 a minti, a garzaya asibiti, ƙila limoniya ce.